Ƙudirin takunkumin Majalisar Amurka a kan Rasha: tambayoyi da amsoshi

Tun watan Afrilun 2025 ake jin labarin wani ƙudiri da ke gaban Majalisar Dokokin Amurka, wanda in ya zama doka zai ƙaƙaba wa Rasha sabon takunkumi, ya kuma ɗora harajin kashi 500 cikin 100 a kan kayan duk ƙasar da ke sayen manta. Wannan adadi ya cika kunnuwa har ya danne sauran abin da ke cikin ƙudirin, alhali ba shi ne zai yanke hukunci ba. Abin da zai yanke hukunci shi ne wa ke riƙe da ikon ɗaura takunkumin, wa ke da ikon kwance shi, kuma a kan wa nauyinsa zai sauka. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi maimaitawa.

Wane ƙudiri ne wannan, kuma su wa suka kawo shi?

Sanatoci biyu ne suka gabatar da shi ranar 1 ga Afrilu, 2025: Lindsey Graham na jam'iyyar Republican daga jihar Karolina ta Kudu, da Richard Blumenthal na jam'iyyar Democrat daga jihar Connecticut. Lambarsa a Majalisar Dattawa S.1241, kuma yana da takwara a Majalisar Wakilai wanda Brian Fitzpatrick da Mike Quigley suka jagoranta. Cikin 'yan watanni sanatoci sama da 80 daga cikin 100 suka sa sunayensu a matsayin masu mara masa baya. Ba kasafai ake ganin haka ba a majalisar da jam'iyyun biyu ba sa ga-maciji da juna.

Yadda aka tsara shi, takunkumin ba ya faɗawa da kansa. Ana buƙatar shugaban ƙasa ya duba cikin kwana 15 da kafa dokar, sannan duk bayan kwana 90, ko Rasha ta aikata ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: ƙin zama teburin sulhu da Yukren, karya yarjejeniyar zaman lafiya in an cim ma ta, sake kai wata mamaya, ko yunƙurin kifar da gwamnatin Yukren. In ya tabbatar da ɗaya, sai hukuncin ya hau.

Me ake nufi da takunkumin tattalin arziki tukuna?

Hana wata gwamnati, ko kamfanoninta da manyan jami'anta, cin moriyar kasuwarka da bankunanka, don a matsa mata ta sauya hali ba tare da an harba bindiga ba. Yana zuwa ta hanyar daskarar da kadarori, hana ciniki, hana bashi da zuba jari, hana sayar da wasu na'urori, ko hana biza.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a riƙe, don kusan duk gardamar da ake yi a kansa ta rataya. Takunkumi na kai-tsaye yana cewa Ba'amurke da kamfanin Amurka kada su yi hulɗa da Rasha. Takunkumi na mataki na biyu kuwa yana fuskantar wanda ba Ba'amurke ba, ya ce masa: in ka yi ciniki da Rasha, ka rasa kasuwar Amurka. Ƙarfin wannan ƙudiri yana cikin nau'i na biyun ne.

Ai Rasha tana cikin takunkumi tun tuni. Me wannan zai ƙara?

Gaskiya ne. An fara tun 2014 bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya, aka kuma tsananta bayan mamayar 24 ga Fabrairu, 2022. An daskarar da kusan dala biliyan 300 na ajiyar babban bankin Rasha, an cire wasu bankunanta daga tsarin aika saƙon kuɗi na SWIFT, Amurka ta hana shigo da man Rasha a Maris 2022, ƙasashen G7 kuma suka ƙayyade farashin gangar ɗanyen man Rasha a dala 60 a Disamban wannan shekara. Daga baya hukunci ya hau kan Gazprombank a Nuwamba 2024, da kamfanonin Gazprom Neft da Surgutneftegas a Janairu 2025, sai manya biyu, Rosneft da Lukoil, a Oktoba 2025.

Ƙudirin ya sake jero yawancin waɗannan: manyan jami'an gwamnati, babban banki, bankuna irin su Sberbank da VTB, hana zuba jari a harkar makamashi. A nan bai zo da sabon abu mai yawa ba, sai dai zai mayar da abin da yake umarnin shugaban ƙasa ya zama dokar majalisa, kuma wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi dalilin da ya sa majalisa ke son doka. Harajin kashi 500 a kan kayan Rasha su kansu ma ba zai girgiza kowa ba, tunda abin da Amurka ta sayo daga Rasha a 2024 bai fi na dala biliyan 3 da 'yan kai ba. Sabon abu na haƙiƙa shi ne harajin da aka nufi masu sayen mai, iskar gas, yuraniyom da dangoginsu daga Rasha.

Harajin kashi 500 cikin 100, me yake nufi a aikace, kuma wa zai biya?

Kayan da kuɗinsu yake dala 100, in suka iso tashar Amurka, sai a biya wa hukumar kwastam dala 500 kafin a fitar da su. Mai biya ba gwamnatin Indiya ba ce ko ta Sin. Ɗan kasuwar Amurka ne da ya yi odar kayan. Babu mai hankalin da zai sayi abu a kan ninki shida na kuɗinsa, don haka ba wanda zai biya, cinikin ne kawai zai tsaya. Sunan haraji aka ba shi, amma rufe kasuwa ne.

An ga alamar hakan a 2025. Lokacin da harajin Amurka a kan kayan Sin ya kai kashi 145 a watan Afrilu, Sin ta rama da kashi 125, ta kuma taƙaita fitar da wasu ma'adinai da masana'antun Amurka ba sa iya aiki ba su. Ba a cika wata biyu ba ɓangarorin suka zauna a Janiba a watan Mayu suka sauko da harajin. In kashi 145 bai ɗore ba, da wuya a ga yadda kashi 500 zai ɗore a kan ƙasar da Amurka ta sayo kayan sama da dala biliyan 400 daga wurinta a 2024.

Waɗanne ƙasashe ne abin zai fi shafa?

Sin da Indiya ne a gaba, sai Turkiyya. Labarin Indiya ya fi fitowa fili: kafin 2022 man Rasha bai kai kashi 2 cikin 100 na ɗanyen man da take shigowa da shi ba, amma bayan Turai ta juya baya, Rasha ta riƙa sayarwa da rangwame, har kasonta ya haura kashi ɗaya cikin uku. Matatun Indiya suna tace wani ɓangare su sake sayarwa waje.

Sai dai rubutun ƙudirin na asali bai ware aboki da abokin gaba ba. Hangari da Sulobakiya sun daɗe suna karɓar man Rasha ta bututun Druzhba. Wasu ƙasashen Tarayyar Turai sun ci gaba da sayen iskar gas ta jiragen ruwa, Japan ma tana saye daga aikin haƙar gas na Sakhalin-2 da ke gabashin Rasha. Ita kanta Amurka, duk da dokar hana shigo da yuraniyom ɗin Rasha da aka sa wa hannu a Mayu 2024, ta bar ƙofar ɗaga ƙafa har ƙarshen 2027, saboda tashoshin nukiliyarta sun daɗe suna samun kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ingantaccen yuraniyom ɗinsu daga Rasha. Wannan ne ya sa Sanata Graham ya yi maganar a keɓe ƙasashen da ke taimaka wa Yukren. Gyaran yana da ma'ana a siyasance, amma ya ba Indiya hujjar da take ta nanatawa, cewa ana hana ta abin da masu hanin ke yi.

Shugaban Amurka yana iya sa takunkumi shi kaɗai. Me ya sa majalisa ke son doka?

Yana iyawa ƙwarai. Wata doka ta 1977 da ake taƙaitawa da IEEPA ta ba shi ikon ayyana dokar ta-ɓaci a kan barazanar da ta taso daga waje, sannan ya daskarar da kadarori ya hana ciniki. Ofishin OFAC da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi shi ke riƙe da jerin sunayen waɗanda aka hukunta, shi ke ba da lasisin keɓewa, shi ke cin tara. Yawancin takunkuman da ke kan Rasha ta wannan hanya suka zo.

Amma abin da alƙalami ɗaya ya rubuta, alƙalami ɗaya yana iya gogewa. Majalisa kan shigo ne in ba ta amince da shugaban ba, ko tana tsoron zai sassauta da wuri. Haka ta faru a 2017: bayan zargin katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016, majalisa ta zartar da dokar takunkumi ta CAATSA da ƙuri'a 419 da 3 a Majalisar Wakilai, 98 da 2 a ta Dattawa. Dokar ta wajabta wa shugaba ya kai wa majalisa kafin ya ɗage wasu takunkuman Rasha. Shugaba Trump ya sa hannu ranar 2 ga Agusta yana ƙorafin an shiga huruminsa, domin da irin wannan rinjaye hawa kujerar na-ƙi ba zai yi amfani ba.

Akwai kuma dalili na biyu, wato saƙo. Doka tana gaya wa Kremlin cewa jiran sauyin gwamnati a Washington ba zai cece ta ba. Wannan ƙarfi ne, kuma shi ne rauninta, kamar yadda amsar ƙarshe ta wannan shafi ta nuna.

Wace hanya ƙudiri ke bi kafin ya zama doka?

Ana miƙa shi ga kwamiti, daga nan zuwa zauren majalisa in shugabannin sun ba shi lokaci. A Majalisar Dattawa, kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a galibi sai an sami sanatoci 60. Dole majalisun biyu su amince da rubutu iri ɗaya. Shugaban ƙasa yana da kwana goma, ban da Lahadi, ya rattaba hannu ko ya hau kujerar na-ƙi. In ya hau, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ne za su iya tsallake shi.

Abubuwa biyu ne mutane ba su cika lura da su ba. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce duk dokar da ta shafi tara kuɗin shiga daga Majalisar Wakilai za ta faro, haraji kuwa kuɗin shiga ne, don haka ƙudirin da Dattawa suka fara yana iya cin karo da wannan ƙa'ida. Na biyu, kowace majalisa shekara biyu take yi. Ta 119, wadda aka gabatar da ƙudirin a cikinta, wa'adinta daga 3 ga Janairu, 2025 ne zuwa 3 ga Janairu, 2027, kuma duk ƙudirin da bai wuce ba kafin nan ya mutu, sai a sake gabatar da shi daga tushe. Shi ya sa sau da yawa ake cusa dokokin takunkumi cikin babban ƙudirin kasafin tsaro na shekara-shekara, wanda ba a barinsa ya faɗi.

In sanatoci sama da 80 suna goyon baya, me ya tsayar da shi a 2025?

Sa suna a takarda daban, kaɗa ƙuri'a daban. Shugaban masu rinjaye, John Thune, shi ke tsara abin da zai zo zaure, kuma ya nuna a fili cewa ba zai kawo ƙudirin ba sai da amincewar Fadar White House. 'Yan Republican ba sa son su ɗaure hannun shugaban jam'iyyarsu a daidai lokacin da yake cewa yana ƙoƙarin sasanta yaƙin.

Shi kuma Shugaba Trump ya zaɓi ya riƙe sandar a hannunsa. A tsakiyar Yuli ya ba Rasha wa'adin kwana 50 da barazanar harajin kashi 100 a kan abokan cinikinta, daga baya ya rage wa'adin, sannan ya gana da Shugaba Putin a Alaska ranar 15 ga Agusta. A ƙarshen watan ƙarin harajin kashi 25 da ya sa wa Indiya saboda man Rasha ya fara aiki, jimla ya kai 50, bai kuma taɓa Sin a kan wannan dalili ba. Kowane mataki cikin waɗannan ya ba majalisa dalilin cewa a ɗan jira. Shekarar ta ƙare ba a kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

Mene ne ikon ɗaga ƙafa, kuma me ya sa ake ta jayayya a kansa?

Sashe ne da ke ba shugaban ƙasa damar jingine hukunci a kan wata ƙasa ko wani kaya in ya ce maslahar tsaron Amurka ta buƙaci haka. Rubutun farko ya ba da damar yin hakan sau ɗaya, na kwana 180. Fadar White House ta nemi a faɗaɗa, ta yadda shugaba ne zai zaɓi lokacin da zai sa da lokacin da zai cire.

Duk wanda yake son ya san ko dokar tana da haƙora, wannan sashe zai karanta kafin ya karanta na kashi 500. In ikon ya yi faɗi sosai, dokar ta zama izini kawai, ta ƙara wa shugaba makami ba tare da ta tilasta masa komai ba, kuma 'yan Democrat da dama suna fargabar miƙa masa ikon haraji mai girman haka. In ya yi ƙunci sosai, Amurka za ta iya wayar gari ta rufe kasuwarta ga Sin da Indiya da wasu ƙawayenta a rana ɗaya. A ganina tsakiyar ita ce daidai: a bar ikon, amma kowace ɗaga ƙafa ta zama mai wa'adi, da dalili a rubuce da jama'a za su iya gani, kuma a ɗaura ta da raguwar sayen mai da za a iya aunawa. An taɓa gwada irin wannan a kan Iran, kuma bayaninsa yana amsar da ta shafi tarihi.

In ya zama doka, dole ne shugaba ya aiwatar?

A rubuce dole ne, a aikace akwai sarari. Shugaba ne ke tabbatar da cewa laifin ya auku, kuma ba kotun da ke saurin tilasta masa ya tabbatar. CAATSA ta ce a hukunta duk mai babban cinikin makamai da Rasha. An hukunta wani sashen rundunar Sin a Satumba 2018 saboda sayen jiragen yaƙi na Su-35 da makaman kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha. Turkiyya ta karɓi S-400 a 2019, amma sai Disamba 2020 aka hukunta hukumar sayen makamanta, bayan majalisa ta yi ta matsa lamba. Indiya ta ƙulla cinikin S-400 na sama da dala biliyan 5 a 2018, ta karɓi kayan, ba a kuma hukunta ta ba. Doka ɗaya, makami ɗaya, sakamako uku.

Da wane hurumi Amurka ke hukunta wasu a kan cinikin da ba a ƙasarta aka yi ba?

Takunkumin da ya hau kan kowace ƙasa a dokar duniya shi ne wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ƙarƙashin sashe na 41 na kundinta. Wannan hanya a rufe take a nan, tunda Rasha tana da kujerar na-ƙi. Amurka tana kafa hujja da cewa kowace ƙasa tana da 'yancin zaɓar wanda za ta buɗe wa kasuwarta, kuma yarjejeniyar ciniki ta duniya ta keɓe abin da ya shafi tsaro. Masu suka suna cewa wannan shimfiɗa dokar gida ce a kan ƙasashe masu 'yanci. Ba Sin da Rasha kaɗai ke faɗin haka ba: Tarayyar Turai ta kafa doka a 1996 da ke hana kamfanoninta bin irin wannan umarni na Amurka a kan Kyuba da Iran.

Abin da ke ba Amurka ƙarfi a zahiri dala ce. Yawancin biyan kuɗi da dala yana ratsa bankunan New York, da ya ratsa kuwa ya shiga hannun dokar Amurka. A 2014 bankin BNP Paribas na Faransa ya amsa laifi ya biya kusan dala biliyan 9 saboda hulɗa da Sudan, Iran da Kyuba. Tun daga nan manyan bankuna ba sa jiran a gargaɗe su. Da Shugaba Biden ya sa hannu a wani umarni a Disamba 2023 da ke barazana ga bankunan waje masu taimakon masana'antar yaƙin Rasha, bankuna a Sin da Turkiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka fara jinkirta kuɗin Rasha ko su mayar da shi.

A tarihi, irin wannan doka ta taɓa cin nasara?

Ta taɓa, a inda buƙatar ta kasance bayyananniya kuma akwai ƙofar fita. A ƙarshen 2011 Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 100 babu mai adawa da wani gyara da ya nufi babban bankin Iran. Hikimar dokar ita ce ba ta ce masu saye su daina a rana ɗaya ba. Ta ce duk ƙasar da ta rage sayen man Iran sosai za a ɗaga mata ƙafa na kwana 180, a sake dubawa. Indiya, Sin, Japan, Koriya ta Kudu da Turkiyya duk suka rage. Man da Iran ke fitarwa ya sauko daga kusan ganga miliyan 2.5 a rana zuwa kusan miliyan 1, aka kai ga yarjejeniyar nukiliya ta Yuli 2015. Ficewar Amurka daga yarjejeniyar a Mayu 2018 ta koya wa duniya wani darasin daban, cewa alƙawarin ɗage takunkumi yana iya warwarewa.

Afirka ta Kudu ma ana kawo ta. A Oktoba 1986 majalisa ta tsallake kujerar na-ƙin Shugaba Reagan ta kafa dokar yaƙi da wariyar launin fata, da sharuɗɗa a fili, ciki har da sakin Nelson Mandela. An sake shi a 1990. Amma zalunci ne a ba takunkumi ladan gwagwarmayar da baƙaƙen ƙasar suka biya da jininsu; taimako ya yi, ba shi ya yi aikin ba.

Kyuba ita ce ɗaya gefen. Takunkumin da Shugaba Kennedy ya cika a 1962, dokar Helms-Burton ta 1996 ta ɗaure shi da sharaɗin sauyin gwamnati. Sama da shekara 60 gwamnatin tana nan, talakawa ne suka sha wuya. Gwamnati takan iya ja da baya a kan wata manufa, amma ba ta rattaba hannu a kan mutuwarta.

Takunkuman da aka sa wa Rasha tun 2022 sun yi tasiri kuwa?

Sun raunata ta, ba su tsayar da yaƙin ba. Tattalin arzikinta ya ɗan ja baya a 2022, sannan ya bunƙasa a 2023 da 2024, galibi saboda kuɗin da gwamnati ke zubawa a ƙera makamai. Tsadar hakan ta bayyana a hauhawar farashi, har babban banki ya kai kuɗin ruwa kashi 21 cikin 100 a Oktoba 2024. A 2024 mai da gas sun kawo kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, shi ya sa masu ƙudirin suka sa ido a kansu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rasha ta tara ɗaruruwan tsofaffin jiragen dakon mai da ke sauya tuta da suna, suna kashe na'urar nuna inda suke, suna juye mai daga jirgi zuwa jirgi a tsakiyar teku. Na'urorin lantarki da aka hana ta kuma suna shiga ta hannun 'yan tsakiya a wasu ƙasashe. Hujjar masu ƙudirin ita ce, maimakon a yi ta bin jirgi ɗaya-ɗaya, a je wurin mai saye. Hujja ce mai ƙarfi, in har barazanar ta zama abin da za a iya aiwatarwa.

Me zai faru da farashin mai a duniya?

Rasha tana fitar da kusan ganga miliyan 7 a rana, ɗanye da tatacce, a duniyar da ke shan sama da miliyan 100. Cire wannan gaba ɗaya zai ɗaga farashi, kuma in farashi ya tashi Rasha tana iya sayar da kaɗan ta sami kuɗi daidai da na da. Wannan tsoro ne ya haifi ƙayyade farashi a 2022: a bar man ya gudana, a rage ribar. Tarayyar Turai ta sauko da ƙa'idar zuwa dala 47.6 a 2025. Ƙudirin majalisa ya kauce wa wannan tunani, domin shi man yake so a daina saye. An ga yadda irin haka ke juyowa a 2018, lokacin da hukunta Rusal, kamfanin alminiyom na Rasha, ya sa farashin alminiyom ya yi tsalle, har aka janye hukuncin a Janairu 2019.

Abinci, magani da taki fa? Talakawa ba za su shiga uku ba?

Dokokin takunkumin Amurka sukan keɓe abinci da magani da kayan agaji, kuma OFAC ya ba da lasisin cinikin hatsi da takin Rasha tun 2022. Matsalar ita ce keɓewa a takarda ba ta cire tsoro daga zuciyar ma'aikacin banki. Banki, kamfanin inshora da mai jirgi sukan guji cinikin da ya halatta don kada su yi kuskuren da zai jawo musu tara. Rasha tana cikin manyan masu fitar da alkama da taki a duniya, don haka duk tsaikon da aka samu yana isa ga manomi da mai sayen burodi a ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin.

Iraƙi ce ta sa duniya ta daina ɗaukar wannan da wasa. Takunkumin da Kwamitin Sulhu ya sa a Agusta 1990 ya ɗauki kusan shekara 13, ya durƙusar da asibitoci da ruwan sha, har jami'an agajin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, Denis Halliday a 1998 da Hans von Sponeck a 2000, suka ajiye aiki don nuna adawa. Mutanen Yukren da ake ruwan makamai a kan gidajensu da tashoshin wutarsu sun cancanci a matsa wa wanda ya mamaye su, ban da shakka a kan wannan. Amma ma'aikaciyar masaƙa a Indiya da za ta rasa aiki saboda an rufe kasuwar Amurka ba ita ta sayi man ba, ba ta kuma da ƙuri'a a Washington ko Moscow. Dokar da ta nufi matatar da ta sayi man da bankin da ya biya kuɗin ta fi adalci a kan wadda ta haɗa ƙasa guda ta hukunta.

Kuɗin Rasha da aka daskarar suna cikin wannan ƙudiri?

Magana ce daban. Mafi yawan kuɗin suna Turai, musamman a cibiyar Euroclear da ke Beljiyam, abin da ke Amurka kuwa kusan dala biliyan 5 ne. Wata doka ta Afrilu 2024 ta riga ta ba shugaban Amurka ikon ƙwace wannan kaso don Yukren. Ƙasashen G7 sun zaɓi su bar uwar kuɗin, su yi amfani da ribar da take haifarwa wajen biyan bashin dala biliyan 50 da suka amince a ba Yukren a Yuni 2024.

In an yi sulhu, ta yaya za a ɗage takunkumin?

Ƙudirin ya ba shugaba damar kawo ƙarshen hukuncin in ya shaida wa majalisa cewa Rasha ta daina abin da aka hukunta ta a kai kuma ta ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Yukren, tare da sharaɗin a mayar da shi nan take in ta koma. Samun wannan sashe abu ne mai kyau, domin takunkumin da ba a san ranar cire shi ba bai ba wanda aka sa wa dalilin sauya hali ba. Sai dai wannan sashe ya shafi abin da ke cikin wannan doka ne kawai. CAATSA tana nan da nata sharuɗɗan, Tarayyar Turai kuma tana sabunta nata takunkuman lokaci-lokaci da amincewar dukkan ƙasashe 27.

Tarihi ya nuna majalisa ta fi saurin ɗaurawa a kan kwancewa. Gyaran Jackson-Vanik na 1974, wanda ya taƙaita cinikin Amurka da Tarayyar Sobiyet, an yi shi ne don Tarayyar Sobiyet ta bar Yahudawa su yi hijira. Tarayyar ta rushe a 1991, amma ba a cire Rasha daga ƙarƙashinsa ba sai 2012, kuma a cikin dokar da ta kawo sabon takunkumin Magnitsky a kan jami'an Rasha da ake zargi da take haƙƙin ɗan Adam. Gwamnatin Assad ta Siriya ta faɗi a Disamba 2024, shugaban Amurka ya soke nasa umarnin a kan Siriya a ƙarshen Yuni 2025, amma dokar Caesar ta 2019, wadda majalisa ta kafa don takunkumi a kan Siriya, ta ci gaba da tsorata masu zuba jari har majalisa ta soke ta a Disamba 2025. Sudan kuwa an ɗage mata takunkumin ciniki a Oktoba 2017, aka cire ta daga jerin masu tallafa wa ta'addanci a Disamba 2020, kuma a tsakanin waɗannan shekaru uku manyan bankunan duniya sun ci gaba da ƙaurace mata.